Yaron da bai iya rubuta cigiyar akuyar gidansu ba, mi ya koyo a lakwal?

Maganarmu ta yau kan darasi guda ce da ake koya ma ɗiyanmu a lakwal. Gara mu faɗi matsayinmu tun farko, kowa ya san inda munka dosa: yadda ake koyar da darasin nan ɓata lokacin yara ne, kuma asarar kanmu take dawowa, mu iyaye da garin baki ɗaya.

Darasin shi ne rubutun siffantawa, wanda mushe ke ce ma deskiripsiyon. Ma'anarsa ba wuya: ka rubuta kamannin mutum, ko dabba, ko wuri, ko wani abu, har wanda bai taɓa ganinsa ba ya gane shi ranar da ya yi ido biyu da shi. Ana fara shi tun manyan azuzuwan firamare, a ci gaba da shi a kwalej. To yaya ake koyar da shi? Mushe ya juya ma yara baya, ya cika tabulo da jerin ƙa'idoji: wai rubutun siffantawa sai da adjektif, sai da amparfe, sai da kalmomin nuna wuri, sai an taɓo gani da ji da shinshina da ɗanɗano da taɓawa. Yara su kwafe cikin kaye, su hardace kamar aku. Sannan a ba su misali ɗaya, ko daga littafi, ko daga tsohon kayen da mushe ya ajiye tun shi ma yana ɗalibi. Ran jarrabawa a ce musu: ku siffanta garinku.

Duk uban da ya taɓa sa a karanta mashi kayen ɗansa ya san abin da ke fitowa. Kaye arba'in, magana ɗaya: garinmu kyakkyawa ne, yana da itatuwa da yawa, mutanensa masu kirki ne, ina son garinmu ƙwarai. Ka goge sunan Matankari ka sa Gaya da ke bakin kogi, ko Bilma da ke tsakiyar Sahara, ba kalma ɗaya da za ka canza. Kuma yaron ya kwashi 14 cikin 20, don ya sa adjektif biyar ya ja musu layi da jan bik. Jama'a, an ce ya nuna muna gari, bai nuna muna ko katangar gida ɗaya ba, amma an ce ya ci. Wa anka ruɗa? Shi yaron, da mu da munka sayar da damin hatsi munka saya mashi kayen.

Wani zai ce mi ya yi zafi, ai wasan takarda ne. To a tsaya a ji inda wasan ke ƙarewa.

Sa ya ɓace, ko ɓarayi sun kore shi cikin dare, abin da ba baƙo ba ne gare mu a shekarun nan. Ka tambayi tsohon da bai taɓa zama kan bencin lakwal ba, zai ce maka: bijimi ne ja, mai farin goshi, ƙahon hagu a karkace ya dubi ƙasa, kunnen dama da tsaga biyu, yana ɗan ɗingisa ƙafar baya. Ko a tsakiyar kasuwar shanu ka gan shi ka san shi ne. Yanzu ka ce ma jikan tsohon nan, mai shekara takwas a lakwal, ya rubuta cigiyar a kai ma jandarma ko a tura ta WhatsApp. Sai ya rubuta: wani babban sa mai kyau ya ɓace, wanda ya gani ya taimaka. Wane sa ne ba babba ba a idon mai shi? Wane ne ba mai kyau ba? In kuwa yaro ne ƙarami ya ɓace ran kasuwa, Allah shi tsare, kowace kalmar banza a cikin cigiyar lokaci ne ke tafiya.

Ga zancen gona. Tun 1993 ƙasar nan take da dokar karkara, wadda ta kawo kwamitocin kula da filaye da ake ce ma Kofo. Su ke ba da takardar shaidar gado, ko saye, ko aro, ko jingina. Ƙarfin takardar nan yana cikin yadda anka siffanta iyakar gonar. In anka rubuta cewa daga gawon da aradu ta tsaga a yi gabas taƙi 40 zuwa tsohuwar rijiya, gusum ta yi iyaka da burtali, yamma da gonar wane, to ko tsofaffin shaidu sun kwanta dama takarda ta tsaya a madadinsu. In kuwa abin da ke ciki shi ne gona kusa da hanya, to an shuka ma jikoki shari'a. Mun san gidajen da 'yan ɗaki ɗaya ba su gaisawa saboda taƙi goma na jigawa. Su wa za su riƙa rubuta takardun nan gobe in ba yaran da ke cikin aji yau ba?

Haka abin yake wurin likita. Uwa ta aiko ɗanta ɗan kwalej ya yi bayanin ciwon ƙanensa, ya ce ba shi da lafiya sosai. Ƙurajen nan ƙanana ne ko manya? Da ruwa a ciki ko busassu? Daga fuska sunka fara ko daga ciki? Zawon da jini ko babu? Haka wurin malamin gona: tsutsa ta faɗa ma hatsi, an kira shi ta waya. Wace iri? A kan zangarniya take tana zagaya ta kamar murzuna, ko cikin kara take ci? Maganin wannan daban, na waccan daban. Mutumin da bai iya kallon abu ya faɗi kamanninsa daidai ba, ko ina ya je da rabin magana yake zuwa, kuma rabin taimako zai samu.

Abin haushin shi ne yaran nan sun zo lakwal da kayan aikin a bakinsu. Ba mu san harshen da ya fi Hausa wadatar hanyoyin siffanta abu ba a cikin waɗanda muke ji. Yaro ɗan shekara bakwai ya san farin sa, farar saniya, fararen shanu. Ba wanda ya zaunar da shi ya ce sifa tana bin jinsi da adadin sunan da take siffantawa, amma ba za ka taɓa jin ya ce farin saniya ba. Ya san ana cewa dogon yaro, ana kuma cewa yaro dogo. Ya san mai da maras: mai ƙaho, maras wutsiya. Ya san busasshen icce, karyayyar ƙafa, tsagaggen tulu. Ya san a karkace, a kife, a jingine. In launi bai cika ba ya san ya ce ja-ja ko baƙi-baƙi. In abu ya wuce misali ya san zungureren kara da shirgegen rago. Ga kuma amsa-kama, kalmomin nan da ke sa kunne ya ga abu: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, kore shar, sabo fil, tsoho tukuf, jiƙe sharkaf, cike maƙil, shiru tsit.

Ga sunayen abubuwa su kansu. Manomin Arewa ba ya cewa ƙasa kawai. Ya san jigawa, ya san fako, ya san fadama, ya san laka. Ba ya cewa icce kawai: gawo ne, ko kalgo, ko sabara, ko aduwa, ko magarya, ko giginya. Rago balami ne ko uda. Doki akawal ne ko kili ko hurde. Ko sunayen wurarenmu siffantawa ne. Wanda ya sa ma Dogon Dutsi suna, kallon dutsen ya yi ya faɗi abin da ya gani. Haka Kore Mai Ruwa, haka Dogon Kirya. Dutsen nan da ake ce ma Tozon Bijini, kalma biyu kacal, amma ko makaho ka faɗa ma ya san siffarsa. Kakanninmu sun ci jarrabawar deskiripsiyon tun ba a gina aji ko ɗaya a Arewa ba. Sai ga shi jikokinsu sun shiga aji, an ce su ajiye wannan dukiyar duk a bakin ƙofa tare da takalma, su shiga da kalma uku ta Faransanci: babba, ƙarami, kyakkyawa.

Ba yau anka fara faɗin wannan ba. Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun 1964 ya rubuta littafi kan ilimi a Afirka, ya nuna cewa yaro da harshensa ya kamata ya fara karatu. A 1973 anka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda ake fara koyarwa da Hausa kafin a shigo da Faransanci. Dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta yarda harsunan ƙasa su zama harsunan koyarwa tare da Faransanci. A 1999 hukuma ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa. A 2001 anka yi dokar harsunan ƙasa. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki ne. Ku ƙidaya: daga 1973 zuwa yau an wuce shekara 50. Yaron da ya fara karatu a makarantar gwajin nan ta Damagaram yanzu da jikoki. Gwajin da ya haura shekara 50 ba a gama ba, ko dai ba a son sakamakon ne, ko kuma ba a damu da yaran da ke jira ba. Takardu sun yi yawa a Yamai, amma darasin siffantawa a ajin ƙauye yana nan yadda Nasara ya bar shi.

Sakamakon kuwa ba a ɓoye yake ba. Binciken PASEC, wanda ke auna karatun yara a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa cikin yaran Nijar da ke ajin ƙarshe na firamare, waɗanda sunka kai matakin da ake bukata a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba. A 2019 abin ya ɗan gyaru, ya kai wajen uku cikin goma. Mu gode ma Allah da malaman da sunka yi ƙoƙarin, amma ko a 2019 ɗin bakwai cikin goma fa suna baya. Yaron da ke fama da gane jimla ɗaya ta Faransanci, shi ake ce ma ya siffanta faɗuwar rana da amparfe. In bai kwafa ba mi zai yi?

Akwai wata asara da ta fi ta sa da ta gona daɗewa. A watan Afrilu na 1899 ayarin sojan Faransa na Vule da Shanwan ya auka ma Lugu, garin Sarauniya, nan kusa da mu. Abin da duniya ta sani game da ranar, daga ina ta same shi? Daga takardun sojojin da sunka kawo harin. Daga littafin da Abdullahi Mamani ya rubuta da Faransanci a 1980. Daga fim ɗin da Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya yi a 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Kuma fim ɗin a Burkina Faso anka ɗauke shi. Ma'ana, Lugun da mutanen duniya sunka gani a fim ba ƙasar Lugu ba ce. Littafin tarihin Arewa da masu bincike ke yawan komawa gare shi, wani Bafaranshe ne, Marc-Henri Piault, ya wallafa shi a 1970. Ba mu raina aikin kowa ba, da ba su yi ba da wani abin ya ɓace. Amma ina namu? Ina shafi ɗaya da ɗan Matankari ya rubuta ya siffanta fadar Sarkin Arewa, ko Bagaji garin Baura, ko dutsen Tunguma, ko yadda Dallol Mawri ke komawa kore shar bayan ruwan Agusta? Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Tsofaffin da sunka san yadda ake ɗaura rumbu, yadda ake haƙa rijiya a dallol, yadda kasuwa take kafin zuwan mota, kullum raguwa suke yi. Yaran da ya kamata su zauna gabansu da bik da kaye an koya musu cewa abin rubutawa yana cikin littafin wasu.

Mun san amsoshin da za a ba mu, don mun sha jin su.

Za a ce jarrabawa da Faransanci ake yin ta, BEPC ba ta san amsa-kama ba. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a bar Faransanci ba. Muna son ɗiyanmu su iya shi fiye da yadda suke iyawa yanzu, su iya Ingilishi ma, tunda ga Najeriya nan a maƙwabta. Amma a duba da kyau. Abin da ke ba yara wuya a Faransanci shi ne daidaita sifa da jinsin suna, ga shi kuwa Hausa ita ma tana da namiji da mace da jam'i. Malamin da ya fara da farin sa, farar saniya, fararen shanu, sannan ya ce to haka Faransanci ma ke yi, ya gama rabin aikinsa cikin minti goma. Faransanci na sa wata sifa gaban suna, wata bayansa, Hausa ma haka. Amparfen da ake tsorata yara da shi, aikin da yake yi cikin labari shi ne wanda yana da tana ke yi in muna ba da labarin jiya: rana tana faɗuwa, shanu suna dawowa, hayaƙi yana tashi daga gidaje. Wanda ya san abin da yake son faɗi, neman kalmar baƙon harshe kawai ya rage mashi. Wanda bai kalli komi ba, ko ƙamus goma ka ba shi ba abin da zai fassara.

Za a ce malamai sun yi kaɗan, aji ya cika maƙil, wani ajin ma rumfar zana ce, ba littafi, albashin ɗan kwantiragi ba ya kai wata. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba mu zo cin mutuncin mushe ba. Da yawansu su ma haka anka koya musu. A 2017 gwamnati ta yi ma malaman kwantiragi jarrabawa a ƙasa baki ɗaya, anka sallami waɗanda anka sallama, anka yi ta surutu. Amma auna malami daban, koya mashi yadda zai koyar daban. Sannan a cikin darussan lakwal duka, wanga shi ne wanda bai bukatar littafi ko kuɗi. Lissafi na son littafi, kimiyya na son kayan gwaji. Siffantawa ido take so da abin kallo, kuma abin kallo ya cika garin. Rashin kayan aiki hujja ce a wani darasin, ban da wannan.

Za a ce zamani ya canza, kowa da waya, hoto ɗaya ya wadatar. To a ɗauko muna hoton san da anka sace jiya, in an taɓa ɗaukarsa. A ɗauko hoton ɓarawon da mace ta hango cikin farin wata. A ɗauko hoton yadda ciwo ke suka a ƙirji, ko warin ruwan rijiyar da ta ɓaci. Gani ya kori ji, haka ne, amma sai in akwai abin da za a nuna. Ko hoton ma, alƙali da likita sai sun ce yi muna bayani.

Za a ce ba Hausawa kaɗai ke cikin aji ba, akwai ɗiyan Fulani da na Zabarmawa da na Buzaye. Madalla, ai ƙarin arziki ne. Ɗan Fulani ya fi kowa a ajin sanin sunayen launin shanu da siffar ƙaho. A bar shi ya faɗa da Fulatanci, sauran su koya, a nemi yadda za a faɗe shi da Hausa da Faransanci. Ranar nan yaron da kullum ke zaune shiru a bayan aji shi zai zama malami.

To mi muke nema? Ba abu mai tsada ba ne.

Ga malamai: ku fitar da yara waje kafin ku taɓa alli. A ɗaure awaki biyar a gindin icce, ko a jera tuluna biyar, ko ƙwarya biyar. Kowane yaro ya zaɓi ɗaya a ransa, ya siffanta ta a rubuce ba tare da ya nuna ba. A ba wani yaron takardar ya je ya nuno wadda ake nufi. In ya gano ta, rubutu ya yi. In ya tsaya yana ruwan ido, a koma a duba abin da ya ɓace. Yaran da kansu za su gane cewa mai kyau ba ta raba akuya da akuya, amma mai baƙin digo a wuya ta raba. Daga nan a koya musu tsari: dabba daga kai zuwa wutsiya, mutum daga tsawo da jiki zuwa fuska da tufafi, wuri daga ƙofa zuwa ciki ko daga gabas zuwa yamma, babban abu kafin ƙarami, sannan a rufe da alamar da ta raba shi da 'yan uwansa. A koya musu awo, su bar cewa da yawa: taƙi nawa, kamu nawa, tiya nawa, dami nawa. A fara da baki, a rubuta da Hausa bisa ƙa'ida, da ƙ da ɗ da ɓ a wurarensu, sannan a juya zuwa Faransanci. Bayan yaro ya yi aikin ne za a ce mashi wannan kalmar da ka sa ita ce sifa, waccan amsa-kama ce, wannan bayanau ne. Suna yakan zo bayan haihuwa.

Ga masu duba makarantu da ke Dutsi da Tibiri, da masu horar da malamai a Doso: ku canza abin da kuke ba maki. Muddin yawan adjektif ake ƙirgawa, malami zai ci gaba da koyar da jeri. Tambaya ɗaya ta isa ma'auni: wanda bai san abin ba, zai gane shi da wannan rubutun? Kuma ku bar sa ido kan malamin da ya fita da yara bakin rijiya ko wurin maƙeri kamar wanda ya gudu daga aiki. Shi ne ke aiki.

Ga kwamitocin makarantu da hukumar gari: ku ware ɗan abin da ya samu, ko kaye goma da bik goma ne, a yi gasar shekara tsakanin makarantun Matankari. Kowane yaro ya siffanta abu ɗaya na garinsu: rijiya, masallaci, maƙera, rumbu, kasuwar dabbobi, tsohuwa mai saƙar faifai. A karanta waɗanda sunka fi a gaban jama'a, tsofaffi su zama alƙalai, don su ne za su ce a'a, ba haka bakin rijiyar yake ba. A tara takardun a ajiye. Cikin shekara goma garin ya samu littafin kansa, da hannun ɗiyansa.

Ga mu iyaye kuma, don ba za mu ɗora ma mushe kaya duka mu koma gefe ba. Mu ne ke ce ma yaro rufe baki in ya fara ba da labarin abin da ya gani a hanya. Mu ne ke murna in ya jero kalmomin Faransancin da mu ba mu ji ba, shi ma bai ji ba. Uwar da ba ta san harafi ko ɗaya ba tana iya koyar da darasin nan tana bakin murhu. Ta aike shi kasuwa, in ya dawo ta ce: wa ka gani, mi ya sa, wane launi, tsaye yake ko zaune, mi ke hannunsa? Uban da ke gona ya ce: duba zangarniyar nan ka faɗa mani bambancinta da waccan. Kacici-kacicin da kakanni ke yi ma jikoki da dare, mi ne ne in ba siffanta abu a ɓoye sunansa ba? Mun bar shi, mun miƙa ma yara waya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ido ma haka.

Wanda ke ganin mun zafafa, ga gwaji mai sauƙi, ba sai an je Yamai ba. Yau da dare ka kira ɗanka ko 'yarka da ke CM2 ko kwalej. Ka ba shi takarda, ka ce ya rubuta kamannin ƙofar gidanku, da kowane harshe ya ga dama, yadda baƙon da ya sauka tasha zai gane ta ba tare da ya tambayi kowa ba. Gobe ka ba wani wanda bai san gidan ba ya karanta. In ya iso, ka je ka yi ma malamin ɗanka godiya, ya cancanta. In bai iso ba, ka ɗauki takardar ka tafi da ita taron iyayen yara na gaba, ka ajiye ta gaban darakta, ku yi maganar cikin mutunci. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah shi ba malamanmu haƙuri da lada, shi buɗe idon ɗiyanmu, shi zaunar da Arewa da Nijar lafiya.